Babu Komai a Ciki, Baba

Kwamfutar ta riga mai ita mutuwa. Tun kafin damina ta daina tashi: in an kunna ta sai ta yi ɗan gurnani, ta nuna shuɗin allo mai rubutun Faransanci, ta toge nan kamar jakin da ya ga ruwa. Ya'u kullum cewa yake zai kai ta gyara in ya sami sarari. Ma'aikacin gona ne, aikinsa zagaya manoman rani na Jiratawa yana duba musu albasa da zogale da ƙwarin da ke cinsu, sararin irinsu kuwa ba ya zuwa. Ranar da motar kaya ta haɗu da babur ɗinsa a hanyar dawowa Maraɗi, ko ɓarɓashin wayarsa ba a tsinta ba. Kwamfutar tana nan bisa kabad a gidansa na unguwar Zariya, an lulluɓe ta da tsohon ɗankwali.

Matarsa Tahira ta shiga takaba. Da farko gida cike yake da masu gaisuwa, ba ta ma sami damar jin zafin sosai ba. Sai da ƙafa ta ɗauke, tabarmin aro suka koma gidajensu, ya rage daga ita sai 'yarta Samira mai shekara biyu da ɗoriya, sannan shirun gidan ya kama ta. Hotunansa akwai, har a bango. Muryarsa ce babu. Wayarta ƙarama ce mai maɓalli, shi kuma mutum ne mai kira, ba mai aiko saƙon murya ba. Amma ta san abu ɗaya. Ya'u yana da ɗabi'ar ɗaukar hirarsa da Samira a waya tun tana gwaranci, in wayar ta cika ya juye cikin kwamfuta. Duk abin da ya saura na muryarsa a duniya yana ƙarƙashin wannan ɗankwalin. Abin da ke tsorata ta shi ne yarinyar ta girma ba ta san yadda ubanta yake magana ba, don ita kanta ta fara jin sautin yana sulale mata.

Ƙanwarta Mansura, ɗaliba a jami'a, ita ta kai kwamfutar wurin wani mai gyara a Sabon Gari. Ba ta jima ba ta dawo da ita a rungume, tana huci.

"Yaya, mutumin nan ko buɗe ta bai yi ba. Wai sai format."

"Mi ke nan?"

"A share komi da ke ciki, a zuba sabo. Na ce mishi ya ba ni kayana."

Masu gyaran nan, Allah ya shirye su, magani ɗaya gare su kamar bokan da sassaƙe guda ya gada. Na'ura ta yi nauyi, format. Ta yi zafi, format. Mai ita ya yi atishawa ma, in ka bar su, format za su ce. Ba su taɓa tsayawa su tambayi abin da mutum ya ajiye a ciki ba.

Bayan kwana biyu Mansura ta sake zuwa da hantsi, da wani ɗan abu a tafin hannu wanda bai kai yatsa ba. Kile ake ce masa, irin wanda ake soka wa kwamfuta a gefe don ɗaukar kaya. Ta ce a cikinsa akwai wani tsarin tuƙa kwamfuta mai suna Linux, wata ƙawarta ce ta zuba mata.

"Nawa anka saya?" in ji Tahira.

"Ba a saidawa, Yaya. Kyauta ne. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban sunka yi gayya sunka gina shi, kowa ya kawo hannu, sunka ce duk mai so ya ɗauka."

Tahira ta taɓe baki. Ita dai a saninta, abin da aka ce kyauta ne a birni, akwai igiya a bayansa. Amma ta matso da kujerar tsuguno ta zauna.

Mansura ta soka kilen, ta kunna, ta daddanna wani maɓalli. Kwamfutar da ta yi watanni tana taurin kai sai ga ta ta waye da wani sabon allo. Kalmomi biyu suka fito gefe da gefe.

"Ki lura da kyau," in ji Mansura. "Wagga ta ce a gwada. Waccan ta ce a girka. In kin danna gwadawa, baƙo ne, zaure ya tsaya, ba shi taɓa komi na cikin gida. In kin danna girkawa, to ya tare ke nan, zai iya share duk abin da ya iske. Mu gwadawa muke so. Kada hannunki ya je waccan."

Ta danna. Aka ɗan jira. Sai allo ya buɗe fes, babu gurnani, babu tarkacen tallar da ta saba faɗowa. Mansura ta leƙa cikin tsohon rumbun na'urar, wanda Ya'u yake ajiya a ciki, sai ga kayansa jere yadda ya bar su: hotunan gonaki, takardun aiki, da wata jakar ajiya ta cikin na'urar da ya rubuta wa suna Samira. Ta buɗe ta, ta danna na farko da hannunta ya kai.

Gyaran murya aka fara ji, irin wanda yake yi kafin kowace magana. Sannan ya ce, "Ce albasa." Wata 'yar murya ta ce, "Abasa." Ya fashe da dariya, dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari. Tahira ta dafe ƙirji. Samira da ke wasa da murfin kwano a bakin ƙofa ta saki murfin ta miƙe tsaye.

Muryar ta ci gaba. "Ke 'yar baƙa mai rowar miya, zo ki ji ɗiyarki ta zama malamar gona." Daga nan ya shiga zolayar matarsa, da irin sunayen da miji ke kiran matarsa da su a cikin ɗaki, waɗanda ko ƙanwa bai kamata ta ji ba. Can nesa aka jiyo muryar Tahira kanta tana cewa, "Kai dai kashe abin nan, don Allah." Mansura ta sunkuyar da kai ta fita tsakar gida, wai za ta sha ruwa. Tahira ta yi kuka a ranar irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da shi, amma kuka ne mai sauƙaƙa zuciya.

Da za ta tafi, Mansura ta ce kayan suna da yawa, sai ta samo wani kilen babba wanda babu komai a kansa, su kwashe su gaba ɗaya. Jibi za ta kawo. Ta bar mata wannan a soke, ta nuna mata yadda za ta kunna in ta so ji.

Jibin bai zo ba sai da gobe ta riga shi. Da safe aka yi sallama a zaure, murya ce da Tahira ta sani. Malam Zakari ne, mahaifin Ya'u, ya taso daga Tibiri. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, dogo, mai tsabta, mutumin da ko takardar cikin kwalin magani sai ya karanta ta har ƙasa kafin ya haɗiyi ƙwaya. Ya'u ne ɗansa na fari, saboda haka, bisa al'ada, bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, ko da yaron ya yi gemu. Tun rasuwar ba wanda ya ga hawayensa.

Tahira ta ja mayafi har goshi, ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, idonta a ƙasa. Ya ce mata lokaci ya yi da za a tattara abin da mamaci ya bari a kai gidan Tibiri, malamai su duba su raba, don haƙƙin marainiya kada ya kwana a wuyan kowa. Aka fito da riguna, da injin ban-ruwa, da sauran tarkace. Idonsa ya kai kan kwamfutar.

"Wannan ma tashi ce?"

"Tashi ce, Baba."

Ya tambaye ta a hankali, don shi ba mai ƙwace ba ne: "Ɗiyata, akwai abin da kike buƙata a ciki? In akwai, ki hwaɗi."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma uku ta ishe ta. Amma a ƙiftawar ido ta hango abin da zai biyo baya: zai ce mene ne, ta ce murya, ya ce a kunna ya ji, sai ga ɗansa yana kiran matarsa 'yar baƙa mai rowar miya da sauran abin da ya fi wannan, a gaban uban da ko sunan ɗan bai taɓa faɗa ba. Kuma da wane baki matar ɗa za ta dubi surukinta ta ce tana marmarin muryar mijinta? An raine ta a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta ce a ranta, ai na'urar matacciya ce a hannun kowa, za ta zauna a Tibiri har a yi rabo, sannan ta aika a roƙa a sa ta cikin kason Samira.

"Babu komi a ciki, Baba," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Aka naɗe kwamfutar cikin ɗankwalinta aka sa a jaka.

Kunya abu ne mai kyau, ba mai musun wannan. Ita ke sa gida ya zama gida. Amma wani lokacin takan tsaya a bakin ƙofa ta hana mai gida shiga ɗakinsa, kuma ba a cika faɗin wannan ba.

Sai bayan azahar, tana sharar ɗaki, ta dubi saman kabad ta tuna. Kilen! Yana soke a gefen kwamfutar, ɗankwali ya rufe shi, ya tafi Tibiri. Na'urar da take tinƙaho matacciya ce, ta tafi da abin tada ta a jikinta. Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Ta kira Mansura, tana aji, waya a kashe. Ta nemo lambar Malam Zakari, ta zuba mata ido. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kiransa da kanta ba. Ta danna, ta kashe kafin ya shiga. Ta ce ai tsoho ne, me zai kai shi kunna kwamfuta? Ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa. Haka ta yi ta yi da kanta har la'asar, lokacin da Mansura ta ga kiran ta biyo. Da Mansura ta ji abin da ya faru, ko zama ba ta yi ba, ta tare kabu-kabu ta nufi Tibiri.

Tahira ta zauna bakin ƙofar ɗaki da Samira a cinya. Mai takaba ba ta da inda za ta ruga. Ta yi ta addu'a, wadda ta iya da wadda ta haɗa da kanta.

Rana ta yi ja Mansura ta shigo da jakar a kafaɗa. Ta ajiye kwamfutar bisa tabarma, ta zare kilen ta riƙe a hannu, sannan ta kunna. Na'urar ta tashi da kanta, da sauri, kamar yau aka sayo ta. Allo ya yi musu maraba da Faransanci. Mansura ta buɗe rumbun. Wayam.

"Ya girka," in ji Mansura. "Ba kuskure ya yi ba, Yaya. Abin ya tambaye shi, ya rubuta mishi ƙarara cewa za a share komi, ya karanta har ƙasa, ya yarda."

Ta ba ta labari yadda tsohon ya faɗa mata. Ya kunna ne don ya san abin da zai gaya wa masu rabo, tana aiki ko ba ta aiki. Da ya ga tambayar sharewa sai ya yi tunani: wannan na'ura za ta bi hannun mutane, a buɗe a duba, wataƙila ma a sayar wa bare. Ɗan Adam kuwa ba ya rasa abin da ba ya son a gani. Shi ya tsaya aka yi wa yaron nan sutura, ya ga ya kamata ya suturta abin da ya bari. Ko jaka ɗaya bai buɗe ba, don kada idonsa ya faɗa kan sirrin mamaci. Kuma ya tambayi matar yaron, ta ce babu komai.

"Ke kuma mi kika ce mishi?" in ji Tahira.

Mansura ta kau da kai. "Na hwaɗa mishi abin da ke ciki. Raina ya ɓaci, Yaya. Na ce muryar ɗanshi ce ya share."

"Kin kyauta ke nan? Tsoho da shi?"

"Cewa kawai ya yi in kawo miki ta, a bar ta cikin kason Samira."

Tahira ba ta yi kuka ba a lokacin. Baƙin cikin ya yi mata nauyin da ya wuce hawaye, ga haushin kanta a kai. Da mai gyaran Sabon Gari ne ya yi wannan, da ta sami wanda za ta tsine wa. To wa za ta kama? Na'urar ta yi tambaya. Tsohon ya yi tambaya. Ita ce aka tambaya ta ce babu.

Mansura ba ta haƙura nan da nan ba. Ta koma wurin ƙawarta, suka zo da wata dabara ta tono abin da aka share, suka bar kwamfutar tana ta laluben cikinta yini guda. An samu wasu abubuwa: hotunan albasa birjik, rabin wata takardar aiki, hoton wani manomi riƙe da tiyo. Inda muryar take, sabon tsarin ya riga ya zauna a kai. Abin da ya fito ɗan guntu ne mai shuu kamar ruwan sama bisa kwano, ba kalma ko ɗaya.

Abin haushi, kwamfutar kuwa ta gyaru. Ba ta ƙara togewa ba. Mansura tana rubuta aikin makarantarta a kai, ta nuna wa Samira inda ake zane da launi. Tahira ko kallon inda take ba ta son yi. Ta mayar mata da ɗankwalinta.

Ranar wata Juma'a da hantsi aka sake yin sallama a zaure. Malam Zakari ne, shi kaɗai, ba jaka ba rakiya. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar dalbejiyar tsakar gida. Tahira ta durƙusa daga nesa kamar kullum.

Aka gaisa. Sannan ya ce, "Ɗiyata, don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

Ta so ta ce babu komai. Bakinta har ya ɗauko hanyar. Ta haɗiye.

"Kunya ce, Baba."

"Na sani," ya ce. "Ni ma ita ce. Da na buɗe jaka guda, da na gani. Na ce ba ni duba sirrinshi. Tun shina yaro haka nike da shi. In ya ci jarrabawa sai in ce wa uwarshi ta gaya mishi ya kyauta. Ranar da anka sa shi cikin likkahwani, na so in kira shi, bakina bai san hanyar ba."

Ya juya wajen Mansura, wadda ta raɓe jikin bango tana jin nauyin abin da ta faɗa masa a Tibiri.

"Ke ɗiyar lakwal. Sabon abin nan da na zuba, shina ɗaukar magana?"

"Shina ɗauka, Baba."

"To ɗauko."

Ta kawo kwamfutar, ta yaye ɗankwalin, ta ajiye ta bisa kujerar tsuguno a gabansa. Ta buɗe abin ɗaukar murya, ta nuna masa jan ɗigon da ke nuna an fara. Ya sa tabarau ya karanta duk abin da ke kan allon, har ƙasa, sannan ya cire. Ya miƙa hannu, Samira ta tako ta hau cinyarsa tana wasa da carbinsa.

"Muryarshi ba ni iya maido miki," ya ce wa Tahira ba tare da ya dube ta ba. "Amma abin da na sani nashi, tun daga ranar da anka haife shi, babu mai shi sai ni. In na tahi da shi, an yi sharewa ta biyu. Ku aje ma yarinyar. Wannan karon ku kwafe wuri biyu."

Tahira ta tashi ta koma bayan labulen ɗakinta, don ba ta iya zama a gabansa ta ji. Daga nan tana hango bayansa da kan 'yarta. Mansura ta danna, jan ɗigon ya kama.

Tsohon ya yi gyaran murya. Tahira ta runtse ido, don irin gyaran muryar nan ne sak, ashe gado ne. Ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa. Sunan da ya raɗa da kansa ya kuma riƙe a ciki tun daga ranar, ya fito da ƙarfin da bai yi niyya ba, kamar mai kiran wanda ya yi nisa a gona.

"Ya'u."

Samira ta saki carbin. Ta saba jin maƙwabta suna kiran sunan nan daga waje, ta kuma san wanda ke amsawa. Ta zame daga cinyar kakanta, ta ruga bakin zaure, ta tsaya tana leƙen hanya.